Rukuni na Sha Bakwai

Noreen Sobczak ta iya yanka tun kafin ta iya rubutu mai kyau. Mahaifinta yana da ɗan shagon nama a gabashin birnin Buffalo, kuma duk ranar Asabar ita ce a bayan injin, tana fitar da naman gishiri sirara-sirara har mutum ya hango haske ta cikinsa. Ta yi jami'a, ta fara digiri na biyu, sai ciwon mahaifiyarta ya mayar da ita gida shekara uku. Da aka yi jana'iza ba ta koma aji ba. Ta nemi aiki a ɗakin binciken wani matashin malami mai suna Lowell Tanabe, wanda a lokacin bai mallaki komai ba sai madubin ƙara girman abu guda ɗaya da ɓeraye arba'in.

Shekara ashirin da uku ke nan. Lowell ya zama farfesa, gashinsa ya yi fari, ɗalibai sun zo sun tafi da takardunsu. Noreen tana nan a kusurwarta, gaban akwatin sanyi. Takan ɗauko ƙwaƙwalwar ɓera, wadda ba ta fi ƙwayar wake girma ba, ta daskarar da ita, ta yanka ta ɗari-ɗari, kowane yanki bai kai kaurin gashi ba. Da ɗan buroshin zane take ɗaga yankin ta shimfiɗa shi a kan gilashi, ba ya naɗewa, ba ya yagewa. Sai ta rina shi ta kai ƙarƙashin madubi.

Albashinta bai taɓa burge kowa ba, sunanta kuma a tsakiyar jerin sunaye yake fitowa idan an buga bincike. Amma tana da abu guda da ba wanda ya taɓa samu a wannan ɗaki. Lowell ba ya yarda da komai sai ta gani. Ɗalibi zai shigo da gudu yana cewa ya gano abu, Lowell ya saurare shi tsaf, sannan ya cire tabarau ya ce, “Noreen ta gani?” Madubin nasu mai mazaunin mutum biyu ne. Ita a hagu, shi a dama, kawunansu kusan a haɗe, ɗalibi yana tsaye a baya yana jiran hukunci. Idan ta ce, “Datti ne,” to magana ta mutu. Idan ta yi shiru ta ƙara murɗa madubin, Lowell ya san an samu abu.

Wannan tambayar ita ce dukiyarta. Kuma ita ce ta ɓace bayan zuwan Dakta Paloma Arriaga.

Paloma ba ta wuce shekara talatin ba. Daga El Paso ta zo, da jakar goyo da takalman da ba su san dusar ƙanƙara ba, da dariyar da ake ji tun daga bakin lif. Ita ba ta yanka ƙwaƙwalwa. Narkar da ita take sawa a yi, har ƙwayoyin halittar da ke ciki su rabu ɗaya-ɗaya. Kowace ƙwaya a jikin ɓera tana ɗauke da littafin gado iri ɗaya, sai dai ba kowane shafi take buɗewa ba, kuma shafukan da ta buɗe su ne suke nuna ko ita wace iri ce. Na'urar Paloma tana karanta waɗannan shafuka, kwamfuta ta jera ƙwayoyin da suka yi kama wuri guda, sai taswira ta fito: ɗigo-ɗigo masu launi, rukuni-rukuni, kamar an watsa duwatsun ado a kan faranti.

Aikin Noreen ya koma ciro ɗan yankin da ake so, ta jiƙa shi a ruwan ɗumi minti talatin, ta tsamo ta sa a ƙanƙara, ta miƙa wa Paloma. Paloma kullum sai ta yi godiya, da murmushi har kunne. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mata rai. Da yarinyar tana da girman kai, da abin ya zo da sauƙi.

Ta lura da ranar da Lowell ya janye kujerarsa daga gefen madubi ya kai ta gaban kwamfutar Paloma. Bai mayar da ita ba. Ta lura cewa kwalbar zumar da matarsa take aiko mata kowace kaka, bana guda biyu aka aiko. Ta dai riƙa duba tata ko ta fi ƙanƙanta.

A watan Afrilu, a taron Juma'a, ana tsakiyar cin fiza, gurasar nan mai cuku, Paloma ta haska taswira a bango. Rukuni goma sha shida duk sanannu ne. A gefe guda kuwa ga wani ɗan tsibiri shi kaɗai, ƙwaya ɗari biyu da sha biyu daga cikin dubu arba'in. Shafuka uku suke buɗewa tare, haɗin da ba a taɓa gani ba.

“Na bincika ko'ina,” in ji Paloma. “Ba wanda ya taɓa ambaton su. Ina jin sabuwar iri ce.”

Lowell ya miƙe da guntun fiza a hannu, ya je har jikin bango, hasken ɗigon yana zuba a rigarsa. Ya daɗe a tsaye. Sai ya cire tabarau. Noreen ta gyara zama, ta goge yatsunta da takarda.

“Paloma,” ya ce, “fara rubutu. Kafin ƙarshen Mayu nake son mu aika wa mujallar bincike.”

Aka ɗau tafi. Ita ma ta tafa, sau uku.

Da aka tashi ta sauka ƙasa, ɗakin ɓeraye. Dewey Pruitt ne mai kula da su, dattijo ɗan shekara sittin da biyar wanda ya riga kowa zuwa ginin, kuma shi kaɗai ne ba ya shakkar ta.

“A'a, sarauniyar wuƙa da kanta!” ya ce, yana canza wa wani keji shimfiɗa. “Me ya sami fuskar nan? Fizar ce ta yi tsami?”

“Yi aikinka, tsoho.”

“Na ji an haifi sabuwar ƙwaya a sama. Ba a kira ki karɓar haihuwa ba?”

“Ɗigo ne a bango, Dewey. Ɗigo. Ka taɓa ganin ɓera mai ɗigo a ka? Wa ya ga abin nan da idonsa? Wa ya san siffarsa? Yarinyar nan ko ƙwaƙwalwa ba ta taɓa riƙewa ba.”

“Yarinyar nan tana kawo mini donat duk Talata. Ke shekara ashirin da uku ko alewa.”

“Shi ya sa haƙoranka suka kai yau.”

Ya ƙyalƙyale da dariya, sannan ya dube ta ta saman tabarau. “Noreen, kishi ne, ko?”

Ta yi tsaki. “Ni? Da wa? Ba ni lambobin ɓerayen da muka yi aiki da su a hunturu, ka daina surutu.”

Ba ta san me take nema ba. So kawai take ta samu wani abu. Ta koma sama ta buɗe jadawalin da Paloma ta raba wa kowa, ta bi ƙwayoyin nan ɗari biyu da sha biyu ɗaya bayan ɗaya. Ɓeraye goma sha huɗu aka yi aiki da su, amma kusan duk ƙwayoyin rukuni na sha bakwai daga uku suka fito. Ta ɗauko littafin aikinta ta nemo ranakun. Mako na biyu na Fabrairu. A gefen shafin, da rubutun hannunta: injin ƙanƙara ya lalace, na hau hawa na huɗu.

Ta tuna sarai. Kwana uku tana hawa bene da bokiti neman ƙanƙara, tana jira a bayan mutane, naman yana zaune a ruwan ɗumi. Minti talatin ya zama hamsin. Kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san ƙwayar da ta wahala a ɗumi takan firgita, ta buɗe shafukan da ba nata ba. Watau rukuni na sha bakwai ba sabuwar iri ba ce. Tsofaffin ƙwayoyi ne da suka ji wuya suna kururuwa.

Wani daɗi ya ratsa ta tun daga ƙirji har yatsun ƙafa, irin wanda mutum ba ya son a kama shi yana ji. Laifin nata ne, ta sani. Hannun da ba a taɓa kamawa da kuskure ba ne ya yi kuskuren. Amma ta auna, ta ga ta yarda ta sha kunyar minti ashirin in dai tsibirin nan zai nutse, Lowell ya ja kujerarsa ya mayar inda take.

Sai dai zato ba ya isa. Ita da ta shekara ashirin tana ce wa mutane sai an gani, ba za ta tashi a taro da shafin littafi kawai ba. Akwai ragowar ƙwaƙwale huɗu a firiza, waɗanda aka daskarar nan take, ba su taɓa shiga ruwan ɗumi ba. Za ta yanka su, ta rina shafukan nan uku da launi uku, ja da kore da shuɗi. Idan akwai ƙwayar da ke buɗe ukun tare, launukan za su haɗu su yi fari. Idan babu, babu. Za ta haska baƙin hoto a bango ranar Juma'ar ƙarshe kafin a aika rubutun, ta ce a hankali, “Na duba. Ban gani ba.” Ta maimaita wannan jimlar a mota, a wajen wanke kwano, a layin kanti.

Mako uku tana zuwa da ƙarfe shida da rabi, kafin kowa. Ba ta taɓa yanka mai kyau irin wannan ba. Kowane yanki sai ta duba shi sau biyu, don kada wani ya ce gilashinta ne ba shi da kyau. Paloma takan wuce da kofi ta ce, “Kai, Noreen, ba kya gajiya?” Ita kuma ta amsa, “Tsohon aiki ne nake ƙarasawa, Dakta.” Wannan “Dakta” takan ja shi kaɗan.

Ranar Laraba da safe, saura kwana biyu taron, ta ja labule, ta kashe fitila, ta ɗora gilashin farko. Ja a warwatse. Kore can da can. Shuɗi kamar ƙura. Ta yi murmushi. Ta matsa gilashin zuwa gefen da wata siririyar jijiyar jini ta ratsa.

Fari.

Ta janye kai, ta goge idon madubin, ta mayar. Yana nan. Ba ɗaya ba, jere ne, bakwai, takwas, kwance a jikin jijiyar kamar tsuntsaye a kan waya. Ta ƙara girman. Kowace tana da ɗan jiki siriri da hannu guda mai tsawo da ta naɗe jijiyar da shi, kamar mai tsoron a ƙwace mata. A shekara ashirin da uku ba ta taɓa ganin ƙwaya mai wannan siffa ba. Ta wuce su sau dubbai, ba ta da rinin da zai nuna su.

Ta ɗora na biyu, na goma, na arba'in, tana neman wanda zai ƙaryata sauran. Duk ƙwaƙwale huɗun sun nuna abu ɗaya. Har dalilin ta gane: ƙwayoyin sun manne wa jijiya sosai, minti talatin ba ya ɓamɓaro su. Sai da naman ya daɗe a ɗumi suka saki. Jinkirinta ne ya fito da su.

Ta zauna a duhu, hannu a cinya. Yarinyar ta yi gaskiya. Ba ta taɓa ganin su ba, ba ta san suna da hannu ba, amma ta yi gaskiya, daga gaban kwamfuta, cikin wata huɗu.

Ba wanda ya san gilasan nan sun wanzu. Ta jera su a akwati, ta rufe, ta tura shi can cikin aljihun teburinta.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Paloma ta zo kusurwarta. Babu kofi, babu dariya. Idanunta sun kumbura.

“Noreen, don Allah ki ba ni minti biyu.” Ta rage murya. “Jiya ina sake duba lissafi kafin in ba Lowell. Ƙwayoyina duk daga ɓeraye uku suke, na mako ɗaya. Ban san yadda aka yi ban lura ba. Akwai abin da ya bambanta a ranakun nan? Kome ƙanƙantarsa.”

Noreen ta ajiye buroshi. Ta buɗe littafinta ta juya shi ta nuna mata layin. “Injin ƙanƙara ya lalace. Naman ya yi minti hamsin a ɗumi.”

Paloma ta karanta. Ta dafa tebur.

“Firgita suka yi ke nan,” ta ce. “Ba wata sabuwar iri.” Ta rufe littafin. “Na faɗa wa mamata. Ta faɗa wa duk cocinsu.” Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. “Na gode da kika gaya mini gaskiya. Da kin so ai sai ki ɓoye, ba wanda zai sani. Bari Lowell ya fito daga aji da ƙarfe ɗaya, zan je in ce a janye.”

Ta juya ta koma mazauninta.

Noreen ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Ta maimaita wa kanta haka. An tambaye ta, ta amsa. Ta ɗauko abincin ranarta, gurasa da nama da yankakken kokwamba, ta ci rabi a zaune tana kallon bayan Paloma. Abin da ta yi mako uku tana nema ya zo har gabanta da ƙafarsa, kuma ba sai ta tashi a taro ba. Ƙarfe ɗaya Lowell zai ji, zai tuna wa ya manta bai tambaya ba.

Sha biyu da rabi ta wuce. Ta ajiye ragowar gurasar. Ba tausayin Paloma ne ya dame ta ba, ta bincika zuciyarta ba ta sami wani tausayi mai yawa ba. Ƙwayoyin ne. Da ƙarfe ɗaya za a zauna a ofis a ce babu su, a goge su daga taswira, alhali suna nan a aljihun tebur, rungume da jijiyarsu. Ita ce mutum ta farko a duniya da ta gan su. Idan aka ce babu su, to ita ma ba ta ga komai ba ke nan. Sau nawa ta ce wa abu datti, kuma datti ne? Yau za ta bari a ce wa abin da ta gani da idonta datti?

Ɗaya saura minti goma ta ja aljihun da ƙarfi har buroshi ya faɗi.

“Dakta,” ta ce, ba ta ja shi ba wannan karon. “Taso. Kuma ki share fuskar nan, hawaye yana ɓata idon madubi.”

Paloma ta daɗe da kai a sunkuye a kan madubin. Da ta ɗago, bakinta a buɗe yake. “Suna da hannu,” ta ce. “Noreen, suna da hannu! Yaushe kika yi wannan? Mako nawa? Saboda ni kika yi duk wannan?”

“Saboda ke,” in ji Noreen. Wannan ma ba ƙarya ba ce.

Lowell ya shigo da alli a hannun riga. Ya duba, ya yi wata ƙara kamar yaro, ya kama kafaɗun Paloma yana girgizawa. “Kin gan su? Ƙwayoyinki ne! Kin hango su tun ba wanda ya san inda suke!” Sannan ya waiwayo. “Noreen, yanka ya yi kyau matuƙa. Ki fitar mata da hotuna goma mafi kyau kafin Juma'a.” Ya ja Paloma zuwa kwamfuta, suna magana a tare, ba mai sauraron wani.

Noreen ta tattara gilasanta.

Ranar Litinin da safe ta tarar da Paloma a tsaye gaban akwatin sanyi, ta ɗaure gashi, ta sa safar hannu.

“Ki koya mini,” ta ce. “Kunya nake ji. Na yi wata huɗu ina magana a kan abin da ban taɓa gani ba.”

Noreen ta dube ta sama da ƙasa. Ita sai da ta yi shekara guda kafin yankanta ya daina naɗewa, kuma ta ga ɗalibai da yawa sun fita daga kusurwar nan suna zagin wuƙa. Wani ɗan sanyi ya sauka a ranta. Ta zaɓo tsohon buroshi, wanda bakinsa ya baje, ta miƙa mata. Ta nuna mata sau ɗaya, da sauri.

Yankin farko ya naɗe kamar tabarma. Na biyu ya yage. “Haka ake farawa,” in ji Noreen, da wata murya mai taushi da ta daɗe ba ta yi amfani da ita ba. “Kada ki damu. Sai a hankali.”

Paloma ta ciji leɓe, ta saki kafaɗa, ta riƙe numfashi. Na uku ya ɗan karkace. Na huɗu ya sauka a kan gilashi shimfiɗe, ba lanƙwasa, ba ƙura, ba ko ɗigon iska a ƙarƙashinsa. Na biyar ma haka.

“Ya yi?” ta tambaya, tana ɗaga shi.

Noreen ta karɓa ta kai wajen taga. Ta juya shi hagu, ta juya shi dama, ta daɗe tana neman aibu.

“Ba laifi,” ta ce. “Sake wani.”